Littafin da Yake Buɗe Kansa

A can ƙuryar laburaren, inda kantocin tsofaffin jaridu suka ƙare, akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya da tebur wanda ƙafarsa ɗaya ta fi sauran gajarta. A nan Goggo Gam ta yi shekara ashirin da shida tana gyaran littattafai. Sunanta na gaskiya yana nan a takardar ɗaukar aiki, amma yara ne suka raɗa mata wannan, don duk inda ta gifta sai an ji warin gam, kuma sunan ya bi ta har gida. Ko mijinta, tsohon direban bas da ya ajiye aiki, in yana jin tsokana da shi yake kiranta.

'Yar mai gyaran takalma ce. Tun ba ta iya ɗaura ɗankwali ba take zaune gefen mahaifinta tana goga wa zare kakin zuma, tana kallon yadda yake huda fata da basilla. Karatunta bai yi nisa ba, kuma da shara ta fara a laburaren. Wata rana ta tsinci wani ƙaton littafin taswira da shafukansa ke zubewa, ta ɗinke shi da irin ɗinkin da mahaifinta ke yi wa takalmin da ya buɗe baki. Shugaban laburare na wancan zamanin ya juya littafin gaba da baya, ya ja shi da ƙarfi bai motsa ba, sai ya ce ta ajiye tsintsiya. Tun daga ranar teburin ya zama nata.

Ba ta da sauƙin kai, kuma ba ta ɓoye hakan. Abin da ta fi tsana a duniya shi ne salatef. Duk wanda ya liƙe littafi da salatef ya kawo mata, ko da gemunsa ya kai ƙirji, sai ya tsaya ya saurari yadda abin ke jan rubutu in ya tsufa, yana barin tabo mai ruwan ƙasa. Ma'aikata sun saba, in sun ji ta fara sai kowa ya kama gabansa. A 'yan shekarun nan idonta ya fara rauni, allura ta zama abokiyar gabarta. Don haka kowace safiya mijinta ke zura mata zare a allura goma, ya jera su a jikin wani ƙyalle, ta naɗe ta jefa a jaka. Ba ta taɓa gaya wa kowa a wurin aiki ba.

Kowace Asabar da ƙarfe goma ana zaman labari a ɗakin yara. Ana shimfiɗa manyan tabarmi biyu, yara su cika su har su zubo kan siminti, wata tsohuwar malamar firamare ta ɗaga littafin hotuna ta karanta musu. Malama Ƙararrawa ake ce mata, kuma wanda ya taɓa jin muryarta daga bakin titi ba zai tambayi dalili ba. Babu wanda ya taɓa zama ya tsara littattafan da za a karanta. Abin da ke faruwa kawai shi ne, duk Juma'a Malama takan leƙa ɗakin Goggo su gaisa, su ɗan taɓa gulmar ma'aikata, in za ta tafi ta kwashi littafi uku daga cikin waɗanda aka gama gyarawa a makon. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, ɗaki yana cika, kowa yana yaba muryar Malama.

Sai aka kawo sabon shugaba. Saurayi ne mai ladabi, mai farar riga da ba ta taɓa sanin lanƙwasa ba, kuma da gaske yana son aikinsa. Ranar da ya fara zagaye ya shiga ɗakin yara, ya zaro littafi ya ga faci, ya zaro wani ya ga ɗinki, na uku har da shaidar haƙori a bangonsa. Tausayi ya kama shi. Ya ce yaran nan ba su yi laifin komai ba da za a riƙa ba su tsumma a matsayin littafi. Nan take ya ba da umarni a kwashe duk wani mai faci ko ɗinki, a buga masa hatimin cirewa, a ɗura a buhu a kai sito kafin mai sayen tsofaffin takardu ya zo. Buhu bakwai aka cika.

Abin da ya rage a kantoci shi ne littattafai fes, masu ƙyalli, ko alamar yatsa babu. Ya ƙara da kwali uku na sababbi da ya roƙo daga wata ƙungiya. Daga nan ya zauna da kansa ya zaɓi sha biyu don zaman labari, kowanne da darasinsa: yaron da ke wanke hannu, yarinyar da ke kwanciya da wuri, 'yan'uwan da ba sa faɗa. Hotunansu ƙanana, rubutu cunkus.

Goggo tana tsaye a bakin ƙofarta aka wuce da buhunan. Aikin hannunta ne na shekaru ake ja a ƙasa, ranta ya ɓaci, amma ta ja baki ta tsuke, don babu wanda ya tambaye ta.

Asabar ta farko yara arba'in da biyu suka zo. Malama ta yi iya ƙoƙarinta, har da sauya murya, amma yaron da ke wanke hannu bai yi komai ba sai wanke hannu daga shafin farko har na ƙarshe. Asabar ta biyu ashirin da biyar suka zo. Kafin wata biyu yara tara ne a kan tabarma ɗaya, huɗu daga ciki ma jikokin Malama ne da ba su da ikon ƙin zuwa.

Daidai lokacin kwamitin laburaren ya zauna. Ɗakin manya ya yi wa ɗalibai masu shirin jarrabawa kaɗan, har a matakala suke zama, ga kuma ɗakin yara babu kowa. Aka yanke cewa in cikin Asabar uku masu zuwa yara ba su koma talatin ba, za a naɗe tabarmi a jera tebura, zaman labari ya ƙare ke nan. Shugaba ya sha jinin jikinsa. Ya liƙa takarda a allon sanarwa cewa duk ma'aikacin da ya yi karatun aikin laburare ya kawo sunayen littattafan da yake ganin sun dace.

Goggo ta karanta takardar sau biyu, hancinta kusa da allo. Da ta koma gida da yamma ta dire jaka da ƙarfi.

Mijin yana zaune yana gyaran rediyon da ya shekara biyar yana gyarawa, ya ce, "Yau kuma wa ya liƙa salatef?"

"Za su rufe ɗakin yara, Malam. Kuma wai masu karatu ne kaɗai za su faɗi littafin da za a karanta."

"To ke me ya dame ki? Wata bakwai ya rage ki ajiye aiki ki dawo mu riƙa kallon juna."

"Abin da ya dame ni ke nan. In tafi in bar tebura a inda na tarar da tabarmi? Mutumin nan ya kwashe duk littafin da yara ke so ya zuba a buhu, ya bar waɗanda suka ƙi taɓawa, yana mamakin ina suka tafi."

"Kin gaya masa?"

"Bai tambaye ni ba."

Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau. "Shekara talatin da ɗaya ina tare da ke, ban taɓa ganin ranar da kika jira a tambaye ki ba."

Ta harare shi, amma washegari ta ce ya zura mata allura ashirin.

Da safe ta karɓi mabuɗin sito a hannun maigadi, ta kwance buhunan ɗaya bayan ɗaya. Kamar ta shiga gidan danginta. Ga littafin motar kaya da mura ta kama, wadda duk lokacin da ta yi atishawa sai wani abu ya faɗo daga bayanta, sau biyar ta ɗinke shi. Ga na giwar da ke tsoron allurar asibiti, ta je ta ɓuya a bayan sandar tsintsiya. Ga na kyanwar tela da ta naɗe kanta da zare. Ta ware tara da ta san su kamar tafin hannunta. Can ƙasan buhu na ƙarshe ta ci karo da wani da ba ta tuna ba, bangonsa ya lotse, gefensa ya cinye, ruwa ya taɓa shi ya bushe. A duk buhunan babu wanda ya sha wuya kamarsa. Ta ce a ranta lallai wannan shi ne sarkinsu, ta ɗora shi a kan sauran ba tare da ta buɗe ba.

Kwana biyu tana ɗinki da liƙi, ko hutun rana ba ta fita ba. Ranar Alhamis ta rubuta sunayen goman da manyan baƙaƙenta, ta ɗauki littattafan a ƙirji, ta ƙwanƙwasa ofishin shugaba.

Ya miƙe ya ba ta kujera, ta ce a tsaye ta fi jin daɗi. Ya duba takardar, ya dubi littattafan, ya ga hatiminsa a jikinsu.

"Mama, ai waɗannan su ne muka cire."

"Su ne, ranka ya daɗe. Na zo in ba da shawarar a mayar."

Ya yi murmushin da ake yi wa tsoho in ba a son ɓata masa rai. "Na gode ƙwarai. Amma wane ma'auni kika bi wajen zaɓe? Kwamiti zai tambaye ni."

Ta ture takardun gabansa gefe, ta tsayar da littafin motar a kan gadon bayansa tsakanin tafukanta, sannan ta janye hannu. Littafin ya buɗe kansa a shafin da motar ta yi babbar atishawa, kaji da katifu da tukwane suna shawagi a sama. Ta rufe, ta sake tsayarwa, ta saki. Shafin nan dai. Ta ce ya gwada da hannunsa, ya gwada, shafin bai sauya ba.

"Ba ni ce na koya masa ba," in ji ta. "Yara ne. Nan suke cewa a sake, nan suke dannawa da hannu suna dariya, har ɗinkin wurin ya saki. Dubi kusurwar ƙasa, ka ga yadda ta yi baƙi ta yi laushi? Yatsu ne. Yanzu ba ni naka na wanke hannu."

Ya miƙo mata. Ta tsayar da shi ta saki, ya faɗi gefe guda a rufe, ƙam.

"Shekararsa shida a kantar littattafai, ranka ya daɗe, tun kafin ka zo. Bai taɓa zuwa teburina ba. Ni ban yi karatun laburare ba, amma duk littafin da yara suka so, a hannuna yake ƙarewa."

Shugaba ya sake duba shafin atishawa. Ya ce ya yarda a gwada, amma yara tara ne suka rage, ko me aka karanta su taran ne za su ji.

"Wannan kuma bar ni da shi," in ji Goggo.

Ranar Juma'a da aka tashi makaranta tana tsaye a bakin ƙofar firamaren unguwa da littafin a hannu. Ba ta yi dogon bayani ba. Duk uwar da ta zo ɗaukar ɗanta sai ta ɗaga mata bangon ta ce, "Motar atishawa ta dawo, gobe ƙarfe goma." Mijinta ma ta tura shi tasha wurin tsofaffin abokan aikinsa masu jikoki, ya tafi yana mitar cewa shi da ya tuƙa bas shekara talatin yau ya koma yi wa motar takarda talla.

Yara goma sha bakwai suka zo. Goggo ta bar teburinta ta tsaya a bayan ɗaki, shugaba yana gefe da littafin rubutunsa. Malama ta ɗaga littafin motar, ta ja numfashi ta fara "aaa… aaa…", kafin ta ƙarasa ɗaki ya ɗauka gaba ɗaya, har ɗaliban ɗakin manya suka leƙo. Aka yi na giwa, wata 'yar ƙaramar yarinya ta miƙe ta je ta nuna wa Malama inda giwar take, wai ko ba ta gani ba. Goggo ta saci kallon shugaba, ta ga yana ƙoƙarin danne dariya.

Sai ta yi wa Malama alama ta ɗauko sarkin, wancan mai lotsattsen bango. Malama ta buɗe, ta ɗan yi turus, ta fara karantawa. Littafi ne a kan ire-iren duwatsu. Dutse mai ruwan toka, dutse mai ɗan ruwan toka, dutsen da ya fi wancan nauyi. A shafi na huɗu yara biyu sun fara kokawa, a na shida wani ya ce fitsari yake ji, uku suka bi shi. Maigadi, da ya zo bakin ƙofa kallo, ya miƙa wuya ya ce da ƙarfinsa, ba da nufin komai ba, "Af, ashe nan ya shiga. Ai da shi nake tokare tagar baya shekara uku, tun da sakatar ta karye."

Iyayen da ke tsaye suka kwashe da dariya. Shugaba ya rubuta wani abu a littafinsa. Kunya ta lulluɓe Goggo, ta ji da ƙasa za ta tsage da ta shige.

A gida ta ƙi cin abinci. Mijin ya bar ta ta gama huci, sannan ya ce a hankali, "To, taga ma ai tana da nata ra'ayin." Ta jefa masa ƙyallen allura, amma sai da ta yi dariya. Daga baya ta ɗauko littafin duwatsun, don ta taho da shi, ta buɗe a gaban taga. Ciki fari tas, kusurwoyi a miƙe, babu yatsa ko ɗaya. Duk wahalar a bango take. Da ta buɗe shi tun a sito, da kallo ɗaya ya ishe ta. Ta gane cewa ta yi abin da take zargin shugaba da shi, ta dubi baya ta yanke hukunci, kuma abin ya yi mata zafi fiye da dariyar mutane.

Ranar Litinin ita ce ta fara isa ofishinsa.

"Ranka ya daɗe, na ukun nan kuskurena ne. Ban buɗe shi ba. Girman kai ne, ba wani abu ba."

Ya ce ai biyu sun yi kyau, kada ta damu.

"Ban zo a lallashe ni ba. Kwalayen nan uku na sababbi nake so ka ba ni. Tsofaffina tara ne, yara sun haddace su, ba za su riƙe ɗaki har abada ba. A cikin sababbin ba za a rasa na kirki ba, sai dai babu wanda ya tantance."

"Amma su ba su da faci, Mama. Da me za ki gane?"

"Da idona," in ji ta, kuma a karon farko ta faɗi abin da ta daɗe tana ɓoyewa. "Ya yi rauni. Hoton da na iya gani daga bakin ƙofa, yaron da ke ƙarshen tabarma ma zai gani."

Haka ta yi makon. Littafi casa'in da ɗaya ne a kwalayen. Takan jingina kowanne a kan kujerar Malama, ta tako har bakin ƙofar ɗakin yara ta juyo. In abin da ta gani dusu-dusu ne, ya koma kwali. Fiye da rabi a nan suka faɗi. Sauran ta riƙa ɗauka biyar-biyar zuwa gida, bayan sun ci abincin yamma ta karanta wa mijinta da ƙarfi. Wanda numfashinta ya ƙare kafin shafi ya ƙare, rubutunsa ya yi yawa. Wanda ba shi da wata magana da ke maimaituwa, wadda yara za su kama su faɗa tare, sai ta ajiye shi gefe. Wanda kuwa Malam ya fara gyangyaɗi a kansa, ko tunani ba ta sake yi. Ya yi ƙorafin cewa wannan ba adalci ba ne, shi ko labaran rediyo gyangyaɗi yake yi, ta ce shi ya sa ya dace da aikin.

Shida suka tsira. A cikinsu akwai wanda ya sa Malam ya gyara zama ya ce, "To sai me ya faru?" Labarin wani raƙumin dawa ne da ke yawo gida-gida yana neman gadon da zai ɗauke shi, ko'ina ya kwanta sai a ce masa, "Ƙafa ta shiga, wuya ya fita." A ƙarshe kafinta ya haɗa masa gadaje biyar, kuma shafin wurin a naɗe yake, ana warware shi har ya kai tsawon hannu biyu.

Asabar ta biyu yara ashirin da shida suka zo, Goggo ta sa aka karanta tsofaffi biyu da sabo ɗaya. Raƙumin dawan ta ɓoye shi, ta dai sa Malama ta nuna musu bangon a ƙarshe ta ce sai mako mai zuwa. Wani yaro ya yi kuka a kan haka, Goggo ta ji daɗin kukan ƙwarai.

Asabar ta uku wani dattijo daga kwamiti ya zo da kansa, ya zauna a kujera kusa da ƙofa yana ƙirga kawuna da bakin biro. Goggo ba ta iya tsayawa wuri ɗaya ba. Ƙarfe goma saura kwata yara sha ɗaya ne kacal, ta fita bakin titi ta dawo har sau uku. Sai suka fara ɓullowa, biyu-biyu, uku-uku, wasu riƙe da hannun ƙannensu, wata uwa da nata huɗu da na maƙwabta. Tabarmi biyu suka cika, maigadi ya kawo tasa.

Malama ta buɗe raƙumin dawa. A gida na biyu yara sun kama maganar, a na uku ba ta ma buɗe baki ba suka faɗa mata, "Ƙafa ta shiga, wuya ya fita." Da aka zo shafin ƙarshe ta kira yara biyu suka kama gefe da gefe, takarda tana ta warwaruwa, wuya yana ta tafiya, ɗaki ya yi tsit, sannan ya fashe. Aka ce a sake. Aka sake har sau uku, a na ukun hannaye sun fi goma a kan shafin. Dattijon kwamiti ya rubuta talatin da takwas, ya sa hularsa, ya ce wa shugaba a nemi wani wurin a sa teburan.

Goggo ba ta tsaya an yi mata barka ba. Ta koma ɗakinta ta zauna, ta yi hamdala a hankali.

Ranar Litinin aka dawo da buhunan bakwai ɗakinta, sai ɗan wurin da za ta sa ƙafa ya rage. Tun safe take ɗinki, kafin la'asar allurorinta ashirin duk sun ƙare. Tana shirin tattara kaya sai ga shugaba a bakin ƙofa, riƙe da raƙumin dawa da hannu biyu. Dogon shafin ya yage daga naɗi na biyu, yana reto.

"Goggo, sun yaga shi. Kwana biyu kacal da fara karanta musu shi."

Ta karɓa, ta kai shi kusa da taga. Ta shafa kusurwar ƙasa, ta ji ta fara laushi, ga shatin ɗan ƙaramin yatsa a kan wuyan raƙumin.

"Sun karɓe shi ke nan," in ji ta. "Ajiye a nan."

Bai tafi ba. Ta zaro allura daga ƙyalle, ta yanko zare, ta lasa bakinsa, ta ɗaga wajen haske. Zaren ya wuce ta gefe. Ta sake, ya sake wucewa. A karo na uku hannunta ya tsaya a sama, ta ji haushin idonta da haushin cewa yana kallo.

Shugaba ya jawo kwali ya zauna a kai, da farar rigarsa. Ya karɓi allurar a hankali ya zura zaren, amma bai miƙa mata ba.

"An ce mini wata bakwai ya rage miki."

"Shida da kwana ashirin."

"To nuna mini daga ina ake farawa."

Ta ture kwalbar gam gefe, ta buɗe littafin a gabansa, ta ɗora yatsarsa a kan naɗin.

"Da farko dai," in ji ta, "duk ranar da na ga salatef a hannunka, mun ɓata."

Ya ce ya ji, ya sunkuya ya huda ramin farko a inda ta nuna masa.